Wuƙa mai haƙora da mara haƙora: wacce ce ta wane aiki?

Mai Shayin Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wuƙaƙen nan masu haƙora kamar zarto sun cika Kasuwar Dole, kuma masu tallarsu na cewa har abada ba sa buƙatar washi. A kan burodi dai babu gardama. Burodinmu dogo ɓawonsa tauri, cikinsa laushi. In ka ɗora masa mara haƙora sai ka danna, kafin ɓawon ya fashe cikin ya lotse, ya manne kamar danƙo, mai ma ba ya shafuwa da kyau. Mai haƙora kuwa tsinin ne ke kama ɓawon, ka ja ka tura ba dannawa, ta ratsa shi yana nan a kumburensa. Amma sai mai tsawon santimita 20 zuwa 25, gajera yaga take yi. Abin da nake so masu sana'a su warware mana shi ne sauran ayyuka, don na ga an fara kai ta har kan nama.

Baba Maƙeri, Birni:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a fara da gane yadda kowacce ke ci. Mara haƙora rabawa take yi: kaifin ya shiga, jikin wuƙar ya buɗa abin gida biyu. Mai haƙora ƙaramin zarto ce. Ƙarfin hannunka duka yana taruwa a kan ƴan tsinayen da suka taɓa abin, shi ya sa suke huda fata mai santsi ko ɓawo mai tauri da ɗan ƙarfi kaɗan, sannan kwarin da ke tsakanin haƙoran ya ƙarasa yankan in ka ja.

Maganar ba ta dakushewa kuwa rabin gaskiya ce. Tsinayen ne ke bugun katako da faranti, kwarin yana ɓoye ba ya taɓa komai, don haka yakan daɗe da kaifi. Amma tsinin yana cinyewa. Ranar da ya mutu wuƙar ba za ta daina shiga ba, sai dai ta koma tsaga da yaga, mai ita kuma bai sani ba tunda har yanzu tana raba abu biyu. Wannan ne ke yaudarar mutane.

Alhaji Mahauci, Kasuwar Dole:
Baba ya gama magana. Ni a kan ɗanyen nama nake roƙon jama'a: kada a sa mai haƙora. Tsoka zare-zare ce. Haƙoran suna kama zaren su ja shi, gefen yankan ya fito a tsattsage, ruwan naman ya tsiyaye a kan tebur, ga jijiya da kitse sun cushe tsakanin haƙora. Nama irin wannan yana saurin yin baƙi a iska, wajen suya kuma gefen ya ƙone kafin cikin ya nuna.

Mahauci wuƙa uku yake buƙata, kuma babu mai haƙora a ciki. Ta fiɗa gajera ce, kamar santimita 13 zuwa 15, mai lanƙwasasshen ciki, bakinta a zagaye ba tsini. Ta cire ƙashi siririya ce mai tsini, wadda ke bin jikin ƙashi tana shiga gaɓa. Sai doguwa ta yanka tsoka. Ƙashi kuma aikin adda ne ko gatari ko zarto na gaske. Duk wanda ya sari ƙashin shanu da wuƙar yanka zai ga kaifinta ya ɓalle guntu-guntu, kuma guntun yana iya bin naman zuwa tukunyar wani.

Hajiya Mai Abinci, Sabon Gari:
Alhaji, a kan nama na yarda. Amma kada ku kori mai haƙora daga madafa gaba ɗaya. Tumatir da ya nuna sosai, irin wanda ake jibgewa lokacin sanyi, fatarsa santsi gare ta, cikinsa ruwa. Wuƙar yawancin gidaje ba ta da kaifin da za ta shige shi, zamewa take yi ta murƙushe shi, wani lokaci ta sauka a yatsa. Ƙarama mai haƙora, ta santimita 10 ko 11, tana yanka shi sala-sala ba asara. Haka lemu, haka gato mai laushi, haka fara tsaga ɓawon kankana.

Inda ba ta da amfani shi ne albasa, kuɓewa, alayyafo, yakuwa, salati. Albasa in aka tsaga ta da haƙora ruwanta ne ke fita da yawa, shi ne ke tashi ya shiga ido, kuma yankakkiyar ta yi laushi ta canza ɗanɗano kafin a kai ga zubawa. Albasa mai ruwa ta fi nuna wannan. Ganye kuma dagargajewa yake yi, gefensa ya yi baƙi cikin ƴan mintoci. Kuɓewar miya ana so a yanka ta ƙanana daidai wa daida, mai haƙora ba ta iya wannan saboda sai an ja ta, ba a sara da ita.

Mai Washi, Karkada:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan saɓa miki. Tumatir bai gagari mara haƙora ba, dakusasshiya ya gagara. Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: dutse mai ɗan kaushi yana barin ƙananan haƙora a kan kaifi, waɗanda ido ba ya gani. In aka wasa wuƙa a takardar yashi mai lamba 400 ko 600 aka tsaya nan, kaifin na da cizo, yana kama fatar tumatir da tattasai da igiya kamar mai haƙora, amma yankan ya fita sumul. In aka ci gaba har lamba 2000 ko fiye aka goge ta kamar madubi, za ta aske gashi, amma kan tumatir takan zame bayan ɗan aiki kaɗan. Wuƙar madafa da ta fawa kada ta wuce 600 zuwa 1000. Gogewa irin ta madubi ta wanzami ce da baduku.

Hajiya Mai Abinci, Sabon Gari:
Gaskiya ne Malam, amma gida nawa ne ke da mai wasa musu wuƙa duk mako? Mace mai girkin mutum ashirin ba ta da lokacin takardar yashi. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a goga wuƙa a bakin turmi ko siminti a ci gaba da aiki.

Mai Washi, Karkada:
To ga mai sauƙi, minti biyu ne. Ki kifa kofin tangaran ko faranti, za ki ga zoben da ke gindinsa ba shi da ƙyalli, yana da ɗan kaushi. Wannan zoben dutsen washi ne mai kyau. Ki jiƙa shi, ki kwantar da wuƙar, ki ɗaga gadon bayanta kaɗan. In faɗin wuƙar santimita 4 ne, ɗagawar kamar santimita ɗaya da ɗan ɗori ce, wato digiri 15 zuwa 20 ke nan. Ki ja daga gindi zuwa tsini sau goma, ki juya sau goma, sannan biyar-biyar da sassauta hannu. Siminti ne ba na so. Yashinsa ba daidai yake ba, yana cin ƙarfe da yawa, yana barin rami a tsakiyar kaifi har wuƙar ta daina taɓa katako a wurin.

Sannan a duba abin da ake yanka a kai. Tiren ƙarfe, farantin tangaran, murfin tukunya, dutsen niƙa, duk suna kashe kaifi nan take. Katako ko allon roba kawai.

Mai Kilishi, hanyar Gure:
A sana'armu ba a ma kawo zancen haƙora. Tsokar cinya ake ɗauka, a cire kitse da jijiya, a riƙe ta a hannu ana juyawa ana warware ta da wuƙa har ta zama shimfiɗa guda mai faɗi, siririya yadda haske ke ratsa ta in an ɗaga. Kaifin da ya ɗan yi gargada ko'ina zai huda shimfiɗar, kuma duk inda ya huje nan zai yage in ya bushe aka zo ɗagawa daga kan kara. Inda ya yi kauri kuma ba ya bushewa tare da saura, a tsoma shi a labu da sauran danshi, kwana biyu ya canza wari. Wuƙar ta zama siririya, bayanta kada ya wuce milimita 2, a riƙa taɓa ta da dutse bayan kowace tsoka biyu ko uku, ba sai ta mutu ba. Ja ɗaya mai tsawo ya fi ja gajeru biyar, kowane tsayawa yana barin tudu a naman.

Malam, Garin Malam:
Jama'a, a ba yankan dabba muhimmanci, musamman ga Layya da suna, inda wanda ba mahauci ba ke ɗaukar wuƙar da ya samu. A hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai yanka ya kyautata yanka, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama. Wuƙa mai haƙora tana sarƙewa a gashi, tana buƙatar a yi ta kai da komo, dabba na shan azaba. Wannan ya saɓa wa hutarwar da aka umarta. Kada kuma a wasa wuƙa a gaban dabbar.

Mai Shayin Zango:
Allah gafarta Malam, na taɓa jin ana cewa an hana yanka da haƙori da farce. Haƙoran wuƙa sun shiga ciki?

Malam, Garin Malam:
A'a, wancan hadisin na Rafi'u ɗan Khadij ne, kuma haƙori na baki ake nufi da farce na yatsa. Matsalar wuƙa mai haƙora ta wahalar da dabba ce, kada a haɗa biyun.

Alhaji Mahauci, Kasuwar Dole:
Na ƙara a kan na Malam. Tsawon wuƙar yanka ya kai ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, don ja ɗaya ya isa. Kafin a kayar da rago a gwada kaifin: a bi shi a hankali da bayan farce daga gindi zuwa tsini, in akwai ɓalli farce zai tsaya a wurin. Ko a riƙe takarda a tsaye a yanka, in ta yage ko wuƙar ta maƙale, a koma dutse. Rago mai gashin wuya da yawa a buɗa gashin da hannu tukuna, gashi mai ƙura yana cin kaifi fiye da naman kansa.

Baduku, Birni:
Alhaji, tunda ka kawo fiɗa, bari mu masu fata mu yi kuka. Rabin lahanin da majema ke samu a fata daga wuƙa yake. Ba huda kaɗai ba, akwai zanen da wuƙa ke yi ta ciki wanda bai ratsa ba. A ɗanyar fata ba ya nunawa, sai an jeme an miƙe ta sannan wurin ya yi sirara, in an zo ɗinkin jaka ko takalmi ya buɗe. Fatar jar akuyar Maraɗi da ake nema har ƙasashen waje, zane biyu a tsakiyar baya sun isa su karya mata daraja. Akuya da tunkiya wuƙa ta buɗe ƙafafu da layin ciki kawai, sauran a tura da dunƙulen hannu. Sa ne ke buƙatar wuƙa ko'ina, shi ma a ja fatar ta yi tauri, a juya kaifin wajen nama.

A wurinmu kuwa kaifi sumul ne kawai, gogagge. Ana feƙe gefen fata don naɗi, ana fitar da zare siriri na ado, kuma haƙori ko guda zai bar gashi-gashi a gefen. Muna gogewa a kan guntun fata da aka manna a katako, ana jan wuƙar baya-baya, bayanta ne ke gaba. In ka tura kaifin gaba fatar za ka yanka.

Mai Kayan Rijiya, Mirya:
Ku bar mu da mai haƙora, mu tana yi mana rana. Igiyar leda ta guga, tiyon ban-ruwa, buhun leda, bel, jarka: duk santsi gare su, mara haƙora zamewa take yi, kuma igiya mai yashi tana kashe ta kafin a yanka goma. Mai haƙora tana cizo ta wuce ko da ta ɗan tsufa. Sai dai bakin igiyar zai fito a warwatse, don haka a naɗe wurin da salatif kafin a yanka ta tsakiyarsa, sannan a ƙona bakin da ashana. Igiyar kaba ko ta rama ba a ƙona ta, ɗaurewa ake yi da zare. Haka lauje: mai ƙananan haƙora ya fi kama busasshiyar ciyawa da karan shinkafa, ɗanyar ciyawa mai taushi kuma mara haƙora ya ishe ta. Rake dai a ba shi wuƙa mai nauyi mara haƙora, fere da sara ake yi.

Mai Shayin Zango:
To Mai Washi, in mai haƙora ta dakushe fa? Na ga waɗanda ake kai wa masu injin washi suna dawowa haƙoran sun shafe.

Mai Washi, Karkada:
Dole su shafe, dutsen inji faɗi gare shi, tsinayen yake fara ci. Ka duba wuƙar da kyau: gefe ɗaya a miƙe yake, ɗaya gefen ne aka fafe kwarin. Ta gefen da aka fafe kaɗai ake wasawa, kwari ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi magagari mai zagaye siriri, irin na wasa sarƙar injin yankan itace, akwai na milimita 4, da 4.8, da 5.5, ka zaɓi wanda ya zauna a kwarin. In babu, ka naɗe takardar yashi 600 a jikin ƙusa ko fensir. Ka shafa wa kwarin baƙar tawadar alƙalamin maka, ka kwantar da magagarin daidai gangaren da kamfani ya yi, ka tura sau huɗu ko biyar. In baƙin ya goge daga sama har baki, hannunka daidai yake. Ka taɓa bayan, za ka ji ɗan leɓen ƙarfe ya tanƙwaro. In ka gama duka sai ka kwantar da miƙaƙƙen gefen shafe a kan dutse mai laushi, ja biyu ko uku, leɓen ya faɗi. Kada ka ɗaga ta a nan, in ka yi wa bayan gangare ka ɓata ta. Wuƙar burodi mai kwari talatin zuwa arba'in za ta ci maka kusan rabin awa.

Wannan na masu manyan haƙora ne. Masu ƙananan nan kamar na kifi, da ake sayarwa shida a kwali, babu magagarin da ke shiga tsakaninsu. Su ne ake cewa ba sa son washi, gaskiyar ita ce ba sa wasuwa.

Saboda fafewar gefe ɗaya ɗin nan ne kuma take karkata a abu mai tauri da kauri. Ka sa ta a kabewa ko doya, ka nufi ƙasa, ta bi gefe. Yawancinsu an yi su ne don na-dama, bahago zai ga karkatar ta fi yawa.

Baba Maƙeri, Birni:
A yi hattara da injin washi ko a kan mara haƙora. Kaifi siriri ne, yana ɗaukar zafi nan da nan. In ka ga bakin ya yi ruwan shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, taurin wurin ya tafi, za ta yi kaifi yau gobe ta lanƙwashe. Mai inji ya riƙa tsomawa a ruwa bayan kowane ja.

Wuƙarmu ta maƙera da ƙarfen resor na mota ake yin ta. A gasa shi har ya yi ja, maganaɗisu ya daina kama shi, wato ya haura digiri 770, a ƙara masa kaɗan, a tsoma a mai. A ruwa yakan tsage. Bayan nan yana da tauri amma gautsi gare shi kamar kwalba, sai a goge shi ya yi fari, a ɗumama daga baya a hankali har kaifin ya yi ruwan kara, wajen digiri 200 da ɗori, a tsaya. Wanda ya tsallake wannan matakin wuƙarsa ɓallewa take yi, wanda ya zarce kuma tasa ba ta riƙe kaifi. Irin wannan ƙarfen yana karɓar washi da sauri fiye da inoks mai araha, amma yana tsatsa, albasa da lemun tsami kuma suna baƙanta shi. Inoks sinadarin kuromiyom ne a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana tsatsa. Mai arahar kuwa laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi, shi ya sa kamfanoni ke yi masa haƙora don ya ci gaba da shiga.

Hajiya Mai Abinci, Sabon Gari:
Baba, ga wani abu da mata ke yi: kaza ko kifi daga firigo, daskararre, a ɗauko mai haƙora a hau gogawa. Ba ya yankuwa, hannu yana sanyi ya mutu, wuƙar ta zame. Ciwon mai haƙora kuma ba kamar na sauran ba ne, a tsattsage yake, yana wuyar haɗewa. A sa naman a leda a nutsa a ruwan sanyi, ana canza ruwan duk rabin awa, sannan a yanka. Wajen wanki ma a bi haƙoran da buroshi, soso ba ya shiga kwarin, kuma abin da ya maƙale a nan shi zai bi burodi ko tumatir ɗin da za a ci ɗanye.

Mai Kayan Rijiya, Mirya:
Baba, ƴan wuƙaƙen aljihu masu rabi haƙora rabi sumul fa?

Baba Maƙeri, Birni:
Ga mai yawo da igiya da tiyo kamarka ba laifi. Amma ka lura, tsawonsu santimita 8 ne ko 9, an raba biyu, kowane rabi ya yi gajarta. Kuma haƙoran suna gindi ne kusa da ƙota, daidai wurin da ake feƙe itace ko fere rake, inda hannu ya fi ƙarfi. Ga aljihu na fi son irin Opinel ta Faransa ko Okapi, kaifi ɗaya sumul, a bar ta da cizon dutse mai kaushi yadda Mai Washi ya faɗa. In ta baƙin ƙarfe ce, da damina a goge ta ta bushe, a shafa mata ɗigon man gyaɗa, kuma kada a bar ta kwana da kwanaki cikin kuben fata, fatar na riƙe danshi, za ka zaro ta ka tarar tsatsa ta fara ci daga kaifin.